Ciyawar da Kawu Hamidu Ya Bari

Jikana Nuhu ya dawo daga sabon filin roba da aka shimfiɗa a bayan unguwarmu, nan Aboabo a Kumasi, ya zauna a bakin ƙofa yana kakkaɓe baƙaƙen ƙwayoyin roba daga safarsa. Abokansa biyu suna tsaye a kansa. Ɗayansu ya dube ni ya ce, "Hajiya, wai da gaske shekara talatin kika yi kina aikin ciyawa? Ciyawa fa! Abin da ke fitowa da kansa ko a bakin kwata?"

Suka yi dariya, ni ma na taya su. Amma tun da suka tafi maganar take yi mini yawo a kai, shi ya sa na ɗauko biro. Ku samari, ga yadda ciyawa take fitowa da kanta.

Dashe shi ne aikin da na fara koya. Na gama makarantar midil ina da shekara goma sha bakwai, ina zaune a gida ina jiran kiran kwalejin horon malamai da bai zo ba, ba ni da aiki sai karance-karance da kallon gajimare. Sai Kawu Hamidu, wan mahaifiyata, ya ce in bi shi. Shi ne shugaban leburorin filin ƙwallon da manyan kulob-kulob suke wasa. Daga ƙasar Nijar ya zo Kumasi yana saurayi, ya yi dakon goro, daga baya ya samu aikin fili, ya zauna. Ranar farko ya ba ni tsinken icce mai kauri da kwando cike da jijiyar ciyawa, ya sa ni cikin sahun mata takwas. Ana ja igiya daga turke zuwa turke. Ki tsinko jijiya mai gaɓa uku, ki huda ƙasa, ki binne gaɓa biyu, ki bar ɗaya tana kallon sama, ki danne da diddige. Ki auna taƙi ɗaya, ki sake. Da baya-baya ake tafiya don kada a taka abin da aka dasa. Kafin azahar na ɗaga kai na ga abin da muka yi bai kai faɗin ɗakin uwata ba, ga fili shimfiɗe har can inda mutum yake komawa kamar ƙwaro.

Wadda take kusa da ni a sahu ita ce Anti Akosua, 'yar Asante daga Sofoline, ta girme ni da shekara ashirin, ta iya Hausar kasuwa. Ta kalli hannuna ta ce, "Ei, 'yar makaranta! Wannan hannu na riƙe littafi ne. Gobe ba za ki dawo ba." Na dawo. Ta raba waken da ta ƙunso a ganye biyu ta miƙo mini rabi, shi ke nan muka ƙulla.

Cire baƙuwar ciyawa ya fi dashe cin rai. Maƙiyanmu uku ne: aya-aya, tuji da tofa. Tuji ana kama shi a gindi a murɗa. Tofa sai da wuƙa. Aya-aya kuwa munafuka ce, in kika ja ganyen ta ba ki shi da sauƙi, ta bar 'yar ƙwayarta a ƙasa, bayan kwana huɗu ta fito ita da ƙannenta. Da tsohon cokali muke bin ta har mu ciro ƙwayar. Ranar Litinin, washegarin wasa, mu shiga fili da durƙuso, balbelu suna biye da mu suna tsintar ƙwari, mu mayar da duk ɓantalen da takalma suka fisge, kowane a raminsa, kamar masu ɗinkin tsohuwar riga.

Yanka aikin maza ne, amma kowa ya san dokarsa. Gefen fili da langalanga ake sharɓe shi, wato doguwar addar nan mai lanƙwasa. Cikin fili kuwa da injin turawa, mai wuƙaƙe masu juyawa, wanda Kawu yake wasawa da kansa ba ya yarda kowa ya taɓa. Ma'auninsa ɗan yatsansa ne. Ya tsugunna ya soka manuniya cikin ciyawa, in ganye bai kai gaɓa biyu ba, ranar kowa zai ji a jikinsa. 'Yan wasa kullum roƙonsu a rage tsawo don ƙwallo ta yi gudu. Akwai wani ɗan gaba mai yawan tsiya da yake ce masa, "Baba, gona muka zo ko fili? In aka bar ni a nan zan tsinci ƙwan zabo."

Kawu ya ce, "To ka tsinta mana. Tun da aka fara kakar nan ban ga ka sa komai a raga ba, gara ka koma gida da ƙwai."

Ban ruwa da sassafe ake yi, kafin rana ta yi ƙarfi, ba a taɓa yi da tsakar rana. Rola, ƙaton ƙarfen da maza shida suke ja, ana bi da ita ne bayan ruwan sama ya tsane, in aka yi gaggawa ƙasa ta toshe, saiwa ta kasa numfashi. Layi kuma da farar ƙasa da igiya. Bakin raga shi ne ciwon da ba ya warkewa, domin masu tsaron gida suna karta da diddige, kuma magoya baya suna binne abubuwa. Mun tono layu, mun tono kuɗin tsaba, mun tono kwalba. Ƙwai kawai Kawu yake bari, ya ce shi dai ko ba komai taki ne.

Duk wannan aikin a kan abu ɗaya ya tsaya, wani ɗan fili a bayan rumfar 'yan kallo ta gabas, wanda aka kewaye da kara. Kawu yana kiransa uwa. Kiri-kiri ce a ciki, amma ba kowace kiri-kiri ba. Shekarun baya ya riƙa bin hanyar da shanu suke bi zuwa mayanka, yana duban wadda kofato ya tattake ta tashi, ya tono, ya dasa, ya zubar da mai lalaci, ya ajiye mai taurin kai. Shekara ashirin yana wannan zaɓe. Duk inda fili ya ji ciwo, daga uwa ake ɗebo magani. Ba a taɓa ɗibar fiye da rabi. Ya koya mini cewa ganye maƙaryaci ne, in ana son sanin gaskiya sai a tono saiwa a ciza. In fara ce mai ɗan ruwa da ɗan zaƙi, tana da rai ko da samanta ya ƙone ƙurmus.

Wata rana a ƙarshen daminar 1969, Sakataren hukumar fili ya sauko daga ofis da wani abu a naɗe cikin takarda. Mutumin kirki ne, mai son ci gaba, kullum da farar riga. Wani abokinsa ne ya dawo daga Amurka ya kawo masa. Ya buɗe, sai ga ciyawa mai faɗin tafin hannu biyu, kore shar, ko wane sili daidai da ɗan'uwansa. Muka kewaye shi. Ya ce a can an shimfiɗa irinta a manyan filaye, ba ta shan ruwa, ba a yanka ta, ba ta mutuwa.

Ni dai ta burge ni, ba zan ɓoye ba. Ban taɓa ganin kore irin wannan ba sai a hoton littafi.

Kawu ya karɓa ya juya, ya shinshina, ya ciji gefenta. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in takalmi ya yage ta fa?"

"Sai a yanko sabuwa a liƙa."

"To ita ba ta rufe ciwonta da kanta ke nan."

"Baba Hamidu, ba ta jin ciwo."

Kawu ya miƙa masa abarsa da hannu biyu. Ya ce, "Allah ya sa albarka. Tabarma ce mai kyau."

Ba a yi wata biyu ba sai ga sanarwa a rediyo, duk baƙon da ba shi da takardar zama an ba shi mako biyu ya bar ƙasar. Zango ya rikice. Mutane suna sayar da gado da keken ɗinki a bakin titi. Mahaifina Badagombe ne, ɗan ƙasa, saboda haka ni da mahaifiyata muka tsaya. Kawu kuwa shekara talatin da ɗaya a Kumasi, bai taɓa riƙe wata takarda ba sai katin aiki. Cikin maza tara da ke aikin fili, shida sanarwar ta shafa.

Ranarsa ta ƙarshe yanka ya yi. Ya bi fili tsaf, ya goge injin, ya shafa masa mai, ya rataye langalangarsa a ƙusa. Da safe a tashar mota, ana ɗaure kaya a saman babbar mota, mata suna kuka, ya ja ni gefe.

"Barikisu, saurara. Uwar nan, garwa huɗu da safe, huɗu da la'asar, har ruwa ya sauka. Fili in zai mutu ya mutu, ba komai. Uwa dai."

Na ce, "To, Kawu."

"Kar ki ce mini to kina kallon sama. Nawa na ce?"

"Huɗu da huɗu."

Ya hau mota. Ban sake ganinsa ba.

Rani ya shigo, hannu ya yi kaɗan. Famfo sai ya ga dama yake kawo ruwa, sauran kwanaki daga rafi muke ɗaukowa a kai. Makonni uku na farko ban fasa huɗu da huɗu ba. Sannan Sakatare ya kira ni ofis. Ciyawar roba ta fi ƙarfin hukuma, amma korenta bai fita daga ransa ba. Ya sa an kawo gwangwanaye na irin ciyawa daga Turai, da hoton wani fili a jiki, yara suna birgima a kai. Ya ce, "Mis Barikisu, ke kaɗai ce a cikinsu kike karatu. Karanta mana, ki jagoranci aikin. Zamanin dasa jijiya ɗaya-ɗaya ya wuce."

Ba wanda ya taɓa ce mini Mis. Na tsaya a gaban leburori na karanta abin da ke jikin gwangwani da ƙarfi, ina fassarawa. Rubutu ya ce a kankare tsohuwar ciyawa, muka kankare bakin raga biyu da tsakiyar fili. Ya ce a watsa iri, a bi da manjagara, kada a bar ƙasa ta bushe ko na yini ɗaya. Abin da gwangwani bai faɗa ba shi ne, a ƙasar da aka rubuta shi rana ba irin tamu ba ce. Ni kuma ban tambaya ba, domin a makaranta ba a koya mini cewa abin da aka buga da inji yana iya zama gaskiyar wani gari ba.

Duk ruwan da muka ɗauko sabon iri ya shanye. Garwar uwa ta koma biyu da biyu, ta koma ɗaya, daga nan na ce gobe. Kwana shida sai ga tsiro, siriri, mai laushi kamar gashin jariri, kore irin na tabarmar Sakatare. Nakan tsaya da safe in ga raɓa a kansa har a yi mini magana ban ji ba. Sakatare ya kawo baƙi suka yi hoto.

Anti Akosua ta shafa shi da tafin ƙafa ta ce, "Ya yi kyau paa. Amma abin da ya fito cikin kwana shida, ni ban yarda da shi ba. Yaushe rabonki da bayan rumfa?"

Na ce, "Anti, kiri-kiri ba ta mutuwa da wuri."

Ta dube ni, ta ɗauki garwarta ta wuce.

Wasa ɗaya aka yi a kai, cikin zafin Fabrairu. Kafin a tafi hutun rabin lokaci, ciyawar tana fita a tafin takalma kamar gashi a matsefi. Ba ta da jijiyar da ke rarrafe ta riƙe 'yar'uwarta, kowane sili shi kaɗai yake tsaye. Cikin mako guda abin da ya rage ya yi rawaya, ya kwanta. Wasa na gaba a kan jar ƙasa aka yi shi, mai tsaron gida ya tashi da gwiwa jina-jina, 'yan kallo suka yi mana ruwan ɓawon lemu muna tsaye a gefe. Sakatare ya zo ya same ni, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Ɗebo ta Baba Hamidu a mayar."

Na tafi bayan rumfa da cokalina. Mako bakwai rabona da wurin. Awaki sun karya karan sun shiga, sun cinye ganye har ƙasa, rana ta gama sauran. Na tono na ciza, kamar tsintsiya. Na matsa na sake tonowa. Na bi wurin kusurwa zuwa kusurwa, bakina cike da ƙasa, ban samu farar saiwa ko ɗaya ba. A fili kuma abin da ba mu kankare ba ya gauraye da tuji da aya-aya, tun da ba mai cirewa, ya sha yanka ƙasa-ƙasa a hannun sababbin leburori, ba ya da ƙarfin da za a ɗiba. Zaɓen shekara ashirin, na kashe shi cikin mako bakwai.

Ina zaune a wurin Anti Akosua ta zo ta tsaya a kaina.

"Kin gama cin ƙasa? Tashi mu je."

Ta kai ni bayan ɗakin ajiye kayan aiki, wani lungu tsakanin bango da katanga inda akuya ba ta shiga. Akwai wani dutse da Kawu yake zama a kai ya yi alwala. A gaban dutsen ga kiri-kiri, faɗinta bai fi faifai biyu ba, kore, a cunkushe, ta miƙa hannuwa tana neman hanya. Tasa ce, ba shakka, gajeren ganyen nan mai kauri. Wata jijiya ce ta faɗo daga kwandonsa tun da daɗewa, ruwan butarsa ya raine ta.

Na ce, "Anti, wata uku ke nan da tafiyarsa. Wa yake ba ta ruwa?"

Ta ce, "Kullum azahar kawunki yana zuba ruwa a nan, shekara da shekaru. Da ya tafi na ga wurin yana jira. Ni ban iya sallarku ba, amma na iya zuba ruwa." Ta nuna wani gwangwanin madara a kan katanga. "Uku nake zubawa. Kar ki yi mini kuka a kai, gishiri yana kashe ta."

Rabi muka ɗiba, kamar yadda doka take. Muka tsinka gaɓa uku-uku, muka gyara karan uwa, muka dasa layi biyar. Huɗu da huɗu, da kaina nake ɗaukowa. Ruwan farko ya sauka a Maris. Bayan mako shida layi biyar suka haɗe, muka ɗebi rabi muka faɗaɗa. Sau uku muna haka kafin mu taɓa fili. Duk wannan lokaci a kan ƙasa ake wasa, ana zaginmu da harshe uku, ana cewa tun da aka kori masu aikin sai aka bar wa mata fili. Sakatare ya tsaya mana, in faɗi gaskiya. Ya hana a taɓa uwa kafin lokaci, tabarmarsa kuma ya mayar da ita abin ɗora kofin shayi. Bakin ragar gabas muka fara dasawa, sannan na yamma, sannan tsakiya. Sai a ƙarshen damina ta biyu ta 1970, wadda muke kira ruwan baya, na taka daga raga zuwa raga ba takalmi, ƙafata ba ta taɓa ƙasa tsirara ba.

Ba na ƙin filinku na roba, kada ku ce tsohuwa tana kishi. Kuna wasa a kai safe da yamma, ko an yi ruwa ko ba a yi ba, alhali namu sau ɗaya a mako ake hawa, yaran unguwa kuwa ta ramin katanga kawai suke leƙensa. Wannan alheri ne. Amma na je na gani da azahar, zafi yana tashi daga cikinsa har ba ya takuwa. Na ga gwiwar Nuhu da ta saɓule. Na tsaya na jira in ji ƙamshin nan na yanka bayan ruwa, ban ji komai ba sai warin taya. Ba balbela ko ɗaya. Ranar da ya tsufa kuma naɗe shi za a yi a jefar, ba wanda zai je bayan ɗaki ya samo ɗan abin da za a tashe shi da shi.

A watan da ciyawarmu ta rufe fili, wani direban motar goro mai zuwa Nijar, Alhaji Mamman, ya zo gidanmu da saƙo. Ya ga Kawu a garinsu, yana noman gero, lafiyarsa ƙalau sai idanu. Ya gaishe da mahaifiyata, ya gaishe da Akosua. Ni kuwa tambaya ɗaya ya aiko mini: uwa tana nan?

Na ɗauko takarda zan rubuta masa duk abin da ya faru, na cika shafi biyu, na tuna ba ya karatun boko, kuma ba wannan ya tambaya ba. Sai na je bakin ragar gabas na yanko ɓantale mai faɗin tafin hannu da ƙasarsa, na yayyafa ruwa, na naɗe cikin ganyen goro, na roƙi Alhaji ya riƙa jiƙa shi tare da kayansa.

Bayan wata biyu ya dawo. Ban bari ya sha ruwa ba na ce, "Alhaji, ya isa? Me ya ce?"

"Ya isa da ransa. Ya buɗe, ya shinshina ya daɗe. Ya ciji saiwar. Sannan ya soka yatsa a ciki."

"Sai me?"

"Sai ya ce in gaya miki wa ya ba ki izinin sauke wuƙar inji. Gaɓa ɗaya da rabi ce. Ki ɗaga."

"Shi ke nan abin da ya ce?"

Alhaji ya ce, "Shi ke nan. Amma da na taso na bar shi a tsugunne a inda yake alwala, yana haƙa rami da cokali."

Washegari na ɗaga wuƙar, kuma har na bar aiki ba wanda ya sake sauke ta. Filin an sabunta shi tuni, ban san irin da ke kansa yanzu ba. Ta Kawu dai tana nan a tsakar gidana, gaban kujerar da nake alwala, faɗin faifai biyu. Nuhu, ka kawo abokanka su gani. Ku cire takalma tukuna.